Kafin ka liƙa wa motarka ledar kare fenti

Ka yi sabuwar Lexus, abokai sun dame ka sai ka liƙa mata ledar nan mai kare fenti. Dakata tukuna. Ledar tana aiki kam: tana tare tsakuwar da tayoyin tirela ke watsowa a hanyar Kaduna, ɗan karce kuwa zafin rana kan shafe shi. Amma in Adaidaita Sahu ya lotsa maka ƙofa, babu ruwanta.

Ga abin da mai liƙawa ba lallai ya faɗa maka ba: in 'yar Kwatano ce da aka sake wa fenti, ranar ɓare ledar tana iya tahowa da fentin. Fara tabbatar da cewa fentin na kamfani ne. In haka ne, bamba da bonet da madubai ma sun wadatar.