Ciwon Damuwa na Lokacin Hunturu: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta

A ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, yini yana gajarta sosai idan hunturu ya kama. A Landan, hasken rana ba ya kai awa 8 a ƙarshen Disamba, a garin Tromsø na Norway kuwa rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. A wannan lokaci ne wasu mutane ke faɗawa ciwon damuwa mai zuwa da tafiya tare da yanayi. Likita Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka ne suka bayyana shi a 1984.

Ana yawan cewa lalaci ne ko shagwaɓar Turawa. Ba haka ba ne. Ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, kuma sai ya maimaitu a lokaci ɗaya shekara biyu a jere kafin a tabbatar da shi. Mai shi yakan yi barci fiye da kima, ya ƙosa da mutane, ya riƙa kwaɗayin kayan zaƙi da na gari har ya ƙara ƙiba. Ya fi kama mata. Baƙon da ya je karatu ko aiki daga ƙasa mai rana ma bai tsira ba, kuma ce masa ya daure kawai zalunci ne.

Wasu kuma suna ɗora laifin a kan sanyi. Amma babban dalilin shi ne ƙarancin haske. Hasken safe da ke shiga ido shi ke saita agogon jiki. Idan ya makara, sai sinadarin melatonin mai jawo barci ya daɗe yana aiki, lokutan barci da farkawa su rikice. Ana kuma danganta ciwon da sinadarin serotonin. Tunda ƙarancin haske ne babban dalilin, ciwon bai yaɗu a Kano ko Damagaram ba, inda tsawon yini ke sauyawa kaɗan duk da sanyin hunturu.

Maganar cewa ƙwayar bitamin D tana warkar da shi ba ta tabbata ba. Haka "Litinin mafi baƙin ciki" da ake yayatawa a Janairu: talla ce da wani kamfanin tafiye-tafiye na Birtaniya ya ƙirƙira a 2005. Kisan kai ma ba a hunturu ya fi yawa ba. A ƙasashen arewacin duniya yana ƙaruwa ne bayan hunturu ya wuce.

Maganin haske kuwa gaskiya ne. Ana zama gaban fitila ta musamman mai ƙarfin lux 10,000 kamar minti 30 da safe, ba kwan lantarkin ɗaki ba. Zantawa da masanin halayya da magungunan damuwa su ma suna aiki. Mai ciwon ido, ko mai ciwon da ke sa farin ciki da baƙin ciki su riƙa musanya, dole ya ga likita kafin ya fara maganin haske, domin fitilar tana iya tayar masa da ciwon.