Kafin Babur Ya Ƙetare Iyaka

Daga Maraɗi zuwa Katsina, ta Ɗan Isa da Jibiya, tafiyar sa'o'i kaɗan ce a kan babur. Shi ya sa samarinmu kan ɗaura jaka su kama hanya, sai a bakin iyaka su gane ashe babur ma yana da nasa takardun.

Na mahayi ba su da wuya: fasfo ko katin ɗan ƙasa, lasisin tuƙin babur, da katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne takardar mallaka, wato kartigiriz. Da yawa sun sayi babur a hannun wani, ba su sauya suna ba, don dai mai shi aboki ne. Ma'aikacin duwan kuwa bai san wannan abota ba. Zai gwada lambar da aka buga a jikin ƙarfen babur da wadda ke rubuce. In suka saɓa, ko ya ga sunan wani babu takardar wakilci, babur zai kwana a iyaka bisa zargin na sata ne. Duwan ne kuma ke ba da lesefase, izinin shiga na ɗan lokaci. Kada wa'adinsa ya cika kana can.

Sai inshora. Carte Brune ta CEDEAO, wadda aka kafa a 1982, an yi ta ne don biyan diyyar wanda ka buge a wata ƙasa. Tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, a sa kamfanin inshora ya rubuta sunan ƙasar da za a shiga a kan takardar kafin a biya kuɗi.