Haɗa Motar Tsere da Kuɗi Kaɗan

Duk wanda ya tsaya a mararrabar Diko, inda hanyar Minna ta rabu da babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, zai ga motoci iri-iri suna kai da kawowa, kanikawa kuma suna ta aiki a bakin titi. Samari da yawa suna sha'awar tseren mota, amma suna zaton wasa ne na attajirai kaɗai. A gaskiya, da tsohuwar mota da ƙwararren bakanike ana iya haɗa motar tsere, in dai an san inda ya kamata a kashe kuɗi.

Akwai wani tsere da ake kira ralikuros, wanda aka fara a Ingila a shekarar 1967. Motoci kaɗan ne suke tashi tare, su zagaya wani gajeren fili da aka killace, wani ɓangarensa kwalta, wani kuma burji. Tun da kwana ta yi yawa a filin, gwanintar direba da ƙwarin mota sun fi ƙarfin inji amfani. A ƙasar Finland ma akwai tseren masu ƙaramin ƙarfi, inda doka ta ce bayan wasa kowa yana iya neman sayen motar da ta yi tsere a kan ƙayyadadden farashi. Saboda haka babu mai zuba dukiya a motarsa. A Nijeriya kuwa, tseren motoci yana cikin wasannin bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi.

Matakin farko shi ne zaɓen mota. A nemi wadda kayan gyaranta suke ko'ina, wadda kowane bakanike ya san cikinta. Misali mai kyau shi ne Peugeot 504, wadda Hausawa suke kira Fijo. An fara haɗa ta a Kaduna a shekarar 1975, kuma a shekarar ce irinta ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya, saboda juriyarta a kan mummunar hanya. Golf irin ta haya ita ma ta dace. Kada fenti ya ruɗi mai saye. Hausawa sun ce araha ba ta ado, motar tsere kuwa ba ta bukatar ado. A leƙa ƙarƙashinta a duba tsatsa, domin ana iya gyara inji, amma ruɓaɓɓen ƙarfe ba ya riƙe walda.

Mataki na biyu shi ne rage nauyi. A cire kujerun baya da shimfiɗa da rediyo. Wannan aiki ba ya cin ko kwabo, ana ma iya sayar da abin da aka cire.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne tsaron rai. Mai walda zai haɗa keji na bututun ƙarfe mai kauri a cikin motar, don kada rufinta ya danne direba idan ta kife. Sai a kafa kujera mai ƙarfi da bel mai riƙe kafaɗu biyu da ƙugu. A sayi sabuwar hular kwano, domin ta gwanjo tana iya tsagewa ta ciki ba a sani ba. A ɗaure batir sosai, a tabbatar tankin mai ba ya yoyo, a kuma ajiye tukunyar kashe gobara kusa da direba. Mutanen Diko sun san ɓarnar wutar fetur, tun gobarar tankar mai da ta ci rayuka masu yawa a mararraba a watan Janairun 2025.

Bayan haka sai birki da tayoyi da lagireto. A ƙarshe ne ake waiwayar inji, a canza masa baƙin mai da filogi, a bar shi yadda yake. Motar da ba ta iya tsayawa, gudunta ba shi da amfani.

Daga ƙarshe, babban titi ba filin tsere ba ne. Wurin wasan shi ne filin da aka killace da izinin hukuma, 'yan kallo suna nesa, motar asibiti tana kusa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka fara ralikuros, kuma a wace shekara?
2. Me ya sa Fijo ta dace da tsere?
3. Kawo abubuwa uku masu kare ran direba.
4. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi: burji, tsatsa, gwanjo, killace.
5. Yi amfani da karin maganar "araha ba ta ado" a cikin jimla.