Takalman Nutso da Matsalar Tafiya a Gaɓar Teku

Shirin na yau ya karkata ne ga takalman nutso, wato takalman nan na roba masu faffaɗan fiffike irin na ƙafar agwagwa, waɗanda masu nutso cikin teku da tukunyar iska a bayansu ke sawa domin tura jikinsu a ƙarƙashin ruwa, da kuma tambayar da sabon shiga ya saba yi wa mai kanti: wanne ne ya fi daɗin tafiya a kan tudu?

Tun asali ba don taka ƙasa aka ƙera wannan takalmi ba. Wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Louis de Corlieu ne ya yi rajistar ƙirarsa a shekarar 1933, daga bisani wani Ba'amurke, Owen Churchill, ya karɓi izinin sarrafa shi, har sojojin ruwa suka yi aiki da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da suke nema shi ne faɗin da zai tura ruwa, domin ruwa ya ninka iska nauyi kusan sau 800, kuma tafin ƙafar mutum ya yi kaɗan wajen tura jikin da ke jan kaya. To, faɗin nan da ke taimako a cikin ruwa shi ne ke kayar da mutum a kan tudu: da ya ɗaga ƙafa sai bakin fiffiken ya karce yashi ko ya maƙale a dutse, ga shi kuwa yana goye da tukunya da dalma waɗanda nauyinsu kan haura kilo 20.

Takalman sun kasu gida biyu. Akwai mai rufaffiyar dunduniya, wanda ake zura ƙafa ciki ba tare da komai ba, ba shi da nauyi kuma ya dace da wanda jirgin ruwa zai kai shi wurin nutso, sai dai da zarar an cire shi an koma ƙafa ba takalmi. Akwai kuma mai buɗaɗɗiyar dunduniya, wanda ake ɗaurewa da maɗauri ta baya, ana kuma sa shi ne a kan wani takalmin ciki da ake ɗinkawa da roba mai laushi mai riƙe ɗumi, kaurinta milimita 3 ko 5 ko 7 gwargwadon sanyin ruwa. A nan amsar tambayar take, domin da takalmin cikin ake tafiya, shi kuwa mai fiffiken a hannu ake riƙe shi. Saboda haka wanda zai shiga teku daga gaɓa, tafin takalmin cikinsa ya kamata ya fara dubawa, ya zama mai kauri da zane-zanen da ke kama dutse mai santsi. A tsibirin Bonaire da ke yankin Karebiyan, inda aka sa wa wuraren nutso alama da duwatsu masu fentin rawaya a gefen hanya, da kuma garin Dahab na ƙasar Masar a gaɓar Bahar Maliya, mai nutso kan taka ɓurɓushin murjani mai kaifi da halittun teku masu ƙaya kafin ya isa ruwa mai zurfi, kuma siririn tafi ba ya kai shi ko'ina.

Ƙwararru kan koyar da cewa a shiga ruwa har ya kai ƙugu ko ƙirji, a hura iska cikin rigar da ke sa mutum ya yi yawo a saman ruwa, sannan a dafa kafaɗar abokin nutso, a ɗora idon sawu ɗaya a kan gwiwar ɗaya ƙafar, a zura takalmin a ja maɗaurin. A wannan gaɓar ne maɗaurin sifirin, wato na ƙarfe mai miƙewa ya koma, yake nuna amfaninsa, domin da ja ɗaya yake hawa dunduniya, alhali mai ƙugiyar roba yana buƙatar hannu biyu da haƙuri a daidai lokacin da igiyar ruwa ke tunkuɗar mutum. Idan kuwa igiyoyin sun yi ƙarfin da dole a sa takalman tun daga tudu, sai a ja ƙafa da baya da baya ko a kaikaice, ana waiwayen teku ta kan kafaɗa.

Duk da haka, wasu ƙire-ƙiren sun fi wasu sauƙin takawa. Gajeren takalmi mai nauyi irin Jetfin, wanda kamfanin Beuchat na birnin Marsai ya fitar a 1964, ya fi dogayen da masu nutso da numfashi ɗaya ke sawa sauƙin sarrafawa a kan tsanin jirgi. Force Fin, ƙirar Bob Evans na Kalifoniya, gajere ne kuma bakinsa ya lanƙwasa sama, don haka bai cika karce ƙasa ba. Akwai ma masu fiffiken da ake naɗewa sama ya jingina da ƙwauri lokacin tafiya, a sauke shi bayan an shiga ruwa, ko da yake duk mahaɗar da ke motsi wuri ne da yashi da gishiri ke taruwa.

Kuskure ne a sayi takalmi don tafiyar mintuna kaɗan a manta da kusan sa'a gudar da za a yi ana bugun ruwa. Fiffike mai laushi ƙwarai ba ya iya ja da ruwa mai gudu, mai tauri ƙwarai kuma yana ɗaure jijiyar sharaɓa ga wanda bai saba ba. Wajen gwaji a kanti, a je da takalmin cikin da za a riƙa sawa, a zura ƙafa a girgiza ta sama da ƙasa tun kafin a ja maɗauri; idan ta yi ta yawo a ciki ya yi girma, idan kuwa yatsu suka matse, to sai a nemi lamba ta gaba.