Yadda Hoton Katako Ya Shiga Rikicin Addini a Jamus

Buga hotunan sarakuna da malamai, irin na kalandar da ake liƙawa a zaurukan Bagwai, daɗaɗɗiyar sana'a ce. A ƙarni na 16, masu zane a Jamus kan sassaƙa hoto a jikin allon katako, su shafa masa tawada, su danna a kan takarda. Allo ɗaya kan fitar da ɗaruruwan kwafi, ga kuma araha.

Bayan Martin Luther ya ƙalubalanci cocin Roma a 1517, sai Lucas Cranach, mai zanen fadar Sarki Frederick na Saksoni, ya mara masa baya da wannan fasaha. Ya buga hotunan Luther da na sarakunan da suka tsaya masa, cike da kamala da kwarjini, domin talakawa su san akwai manya a bayansa.

A 1521 kuma ya fitar da ɗan littafin zambo mai hotuna 26, bibbiyu suna fuskantar juna: nan Almasihu yana wanke ƙafafun almajiransa, can sarakuna suna sumbatar ƙafar Paparoma. Ko manomin da bai iya karatu ba ya gane inda aka dosa. 'Yan Katolika ma ba su naɗe hannu ba, domin a 1529 sun buga hoton Luther da kawuna bakwai.