Likitar da ta zama majinyaciyar kanta

A watan Maris na 1999 Dakta Jerri Nielsen, Ba'amurkiya 'yar jihar Ohayo mai shekara 47, ta shafa ƙirjinta ta ji wani ƙullutu a nononta na dama. Da a gida take, da washegari ta tafi asibiti. To amma tana tashar bincike ta Amundsen-Scott, can ƙarshen duniya ta kudu a nahiyar Antatika, inda rana kan faɗi a Maris ba ta sake fitowa sai Satumba. Daga Fabrairu zuwa ƙarshen Oktoba jirgi ba ya sauka, don sanyin wurin kan daskarar da mai a cikin inji. Su 41 ne a tashar, likita kuwa ita kaɗai.

Da farko ta yi gum, tana fatan ƙullutun zai baje da kansa. Abin lura ke nan: mace mai ilimin likita, wadda ta san illar jinkiri sarai, ita ma sai da ta yi watanni tana ɓoyewa. Da abin ya ci gaba da girma, ta faɗa wa hukumar tashar, aka haɗa ta da wata ƙwararriya kan ciwon daji, Dakta Kathy Miller ta Jami'ar Indiyana, ta hanyar imel.

Sai an tsamo ɗan nama daga ƙullutun a duba kafin a san ko daji ne. Wa zai yi? Ta ɗauko mai waldan tashar ta koya masa riƙon allura, yana gwadawa a jikin 'ya'yan itatuwa da kayan lambu har hannunsa ya faɗa. Ranar aikin aka ɗora mata ƙanƙara da ɗan maganin kashe zafi, ta soka wa kanta allurar, shi kuma yana taimakawa, likitoci na kallo ta bidiyo daga Amurka. Kayan gwajin tashar sun tsufa, sakamakon bai fito sarai ba.

A watan Yuli jirgin sojan sama na Amurka ya ratso duhu ya jefo ƙunsoshi da lema. Mutanen tashar suka kunna wuta a ganguna don matuƙi ya ga inda zai saki. Na'urar hoton ciki ta farfashe da ta bugi ƙanƙara, amma magunguna da kayan gwaji sun tsira. Aka sake gwaji, ya tabbata daji ne, mai saurin yaɗuwa kuma. Abokan zamanta, waɗanda ba su taɓa aikin jinya ba, su suka riƙa ɗaura mata ruwan maganin. Gashinta ya zube, jikinta ya yi laushi, duk da haka wanda ya yi rashin lafiya a tashar wurinta yake zuwa.

Ranar 16 ga Oktoba wani jirgi mai takalman zamiya ya yi kasadar sauka cikin sanyin digiri 50 ƙasa da sifili. Ba a kashe injinsa ba, mintina 22 ya yi a ƙasa ya tashi da ita. A Amurka aka yi mata tiyata, daga baya aka cire nonon. Ta rubuta littafi mai suna Ice Bound, ta zaga ƙasashe tana ba da labarinta. Cutar ta dawo a 2005, ta kama hanta da ƙashi, sannan ƙwaƙwalwa. Ta rasu ranar 23 ga Yuni, 2009, tana da shekara 57.