Mai Gogen Sarajevo da Hawayen Masu Karatu

A ranar 27 ga Mayu 1992, bom ya faɗa kan mutanen da ke layin sayen burodi a birnin Sarajevo na Bosniya, lokacin da sojojin Sabiyawa suka yi wa birnin ƙawanya. Labarin da ya yaɗu shi ne mutum 22 suka mutu, sai wani makaɗi, Vedran Smailović, ya ɗauki celo, wato babban gogen Turawa da ake kafawa tsakanin gwiwoyi, ya riƙa zama a cikin kufai yana kaɗa wa mamatan. A 2008 marubucin Kanada Steven Galloway ya gina ƙagaggen labari a kan wannan, mai suna The Cellist of Sarajevo. Littafin ya samu kasuwa, an fassara shi zuwa harsuna da dama, masu karatu kuwa suka yi ta yabon yadda ya motsa musu zuciya. Shi kuwa Smailović, da ke zaune a Arewacin Ailan, ransa ya ɓaci, domin ba a nemi izininsa ba.

Ina ganin yana da gaskiya, kuma laifin bai tsaya kan marubuci kaɗai ba. Kiɗa yana kashe wa mai karatu jiki. Idan labarin yaƙi ya cika da tankoki da janar-janar, mutum yakan tambayi ko haka aka yi. Amma da zarar an zaunar da makaɗi cikin ɓaraguzai, sai tambaya ta kwanta, a karɓi komai a matsayin tarihi. Har waƙar da ake dangantawa da Smailović, Adagio, wadda ake jingina wa tsohon mai tsara kiɗa Albinoni, tana da nata rufin asiri: masana sun yarda cewa wani Ba'italiye, Remo Giazotto, ne ya tsara ta, aka buga a 1958, yana cewa daga wani guntun rubutun Albinoni ya samo ta.

Masu kare Galloway sukan ce bai ambaci sunan makaɗin a cikin labarin ba, kuma jigogin littafin wasu ne da ya ƙirƙira: Kenan mai tsallaka gari neman ruwa, Dragan ma'aikacin gidan burodi, da budurwa maharba Arrow. Haka ne, kuma a shafukan Kenan da jarkokinsa littafin ya fi ƙarfi. Sai dai mai celo guda ne duniya ta sani a Sarajevo. Ɓoye sunansa bai ɓoye shi ba, kuma da shi aka sayar da littafin. Wasu kuma sukan ce albarkacin littafin ne matasa da yawa suka san an yi wa Sarajevo ƙawanya kusan shekara huɗu. Wannan riba ce, amma ta mai karatu da mawallafi. Mutumin da ya zauna a inda harsashi ke iya samunsa yana raye a 2008, kuma aika masa wasiƙa ba abu ne mai wuya ba.